Jaz ɗin Sammani

Sammani abokina ne tun muna yara, kuma gonarsa ce ke maƙwabtaka da tawa a bakin kanal ɗin ban ruwa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ya rasu a farkon ranin bana. Allah ya jiƙansa. Shinkafa yake nomawa da damina, tumatir da rani, kamar kowa. Abin da ya raba shi da kowa kiɗa ne.

Yana saurayi, yana murɗa rediyo yana neman labarai, ya faɗa wata tasha da ake wata irin busa mai kama da ta algaita, amma a sanyaye, ba waƙa, ba kirari. Da aka gama, mai magana ya yi ta Turanci, kalma ɗaya Sammani ya riƙe: jaz.

Daga nan, duk shekara in ya sayar da amfanin gona, sai ya hau mota zuwa Kano. A Sabon Gari ya samu wani tsoho ɗan Kudu mai sayar da tsofaffin kaset da faifai. Na raka shi sau da yawa. Sammani ba ya karanta Turanci, don haka hoton bango yake dubawa, sai ya miƙa wa tsohon a sa masa ya ji. Wani faifan mata ne masu kaurin murya suna rerawa a hankali. Wani kiɗan fiyano ne zalla. Akwai kuma waɗanda tsohon yake ajiye masa a ƙarƙashin kanta saboda ba mai saye, kiɗan da ba ka gane inda ya dosa. Su ya fi so.

"Datti, ka ji wannan?" yakan ce da ni.

"Na ji, kamar ana jan ƙofar langa-langa."

"Kunnenka dai na jaki ne, Allah ya shirye ka."

A gona yake saurare, da rana, in ya saki ruwa yana jiran kwaman shuka su cika. Matarsa Barira ba ta so a gida, ta ce yana sa ta tuna da mutuwa.

Da tsohon ya rufe shago ya koma garinsu, Sammani ya rasa inda zai saya. Ran nan a kasuwar Kura ya tsaya a rumfar masu tura waƙa a waya, ya ce, "Kuna da jaz?" A rumfar akwai Usaini, mutumin unguwarmu da ke bin motar tumatir zuwa Legas. A can, in an ce mutum yana da jaz, ana nufin yana da asiri, irin na bokaye. Usaini ya dawo gida da maganar.

Sai aka yi rashin sa'a, shekarar ce tsutsar da muke kira sharon ta cinye tumatir tun daga Kadawa har wajenmu. Sammani ya yi dashe da wuri, ya ɗebe mafi yawan nasa kafin ta yi ƙarfi. Mutane suka haɗa biyun. Ga mutum yana zuwa Kano duk shekara ya dawo da ƙulli a leda, ga shi yana zama shi kaɗai a gona da wani sauti, ga tumatirinsa ya tsira.

Ba wanda ya tare shi. A ciyayya abin ya fito. A unguwarmu, bayan magariba kowane magidanci yana fito da kwanon tuwonsa ƙofar gidan Malam Mukhtari, limaminmu, a ci tare, a gama da wannan kwano a jawo wancan. Aka fara tsallake kwanon Sammani. In an zo kansa sai kowa ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi. Ni da shi muke ci, mu biyu ba ma iya cinyewa, ya mayar da saura cikin gida. Barira ta canza miya, ta ƙara man shanu, har ta tambayi matata ko an ce girkinta ya lalace.

Ni na bincika na gano zargin asiri ake yi masa, na same shi a gona na faɗa masa. Ya yi dariya har ya zauna a kan kunyar gona. Sannan ya dube ni.

"Har da Malam?"

"Malam bai ce komai ba. Amma shi ma bai ci ba."

Na ce ya kawo rakodarsa ya kunna musu, magana ta ƙare. Ya ƙi. Ya ce abin da mutum yake ji shi kaɗai, in ya fitar da shi gaban jama'a ba ya komawa yadda yake. Ya ci gaba da fito da kwano yana mayarwa, har ranar da ya tarar da Barira tana kuka a madafa.

Washegari bayan la'asar ya ɗauko rakoda ya ajiye a gindin mangwaron da ake hira. Mutane suka taru, wasu daga nesa-nesa. Na so ya sa na matan nan masu rerawa a hankali. Ya ce a'a, tunda abin da yake ji a gona ake zargi, shi zai sa.

Da farko shiru, sai wani ƙara siriri, sai ganga ta shigo ta fita ba tsari, sai busa ta ɗauka kamar mai shaƙuwa. Ba wanda ya motsa. Can Usaini ya ce, "Yaya Sammani, injin ban ruwanka ya sha iska!"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce akuya ce ta maƙale a shinge. Wani ya ce a kai rakodar wajen mai gyara. Malam Mukhtari yana share hawayen dariya ya ce, "To wannan ne jaz ɗin? Kai, Usaini, ka nemi gafararsa." Usaini ya durƙusa ya nemi afuwa, yana yi yana ƙunshe dariya, ya miƙa hannu ya kashe rakodar. Sammani ya ce ya yafe.

Da magaribar ranar, kwanonsa aka fara jawowa, aka suɗe shi tas. Barira ta aiko mini da godiya.

Tun daga nan sunansa ya koma Mai Jaz. Kowa yana sonsa, kowa yana tsokanarsa. In injin wani ya yi gardama sai a ce a kira Mai Jaz ya yi masa amshi. Yakan yi murmushi. Amma bai sake kai rakoda gona ba, bai kuma sake tambayar wani mai shago ba. In ya saki ruwa sai in hango shi zaune a bakin kanal, hannuwansa a kan gwiwa. Na taɓa ce masa ya kawo mu ji, ya ce, "Bar shi, Datti. Yanzu in na kunna, dariyar nake ji."

Da ciwo ya kwantar da shi, zauren gidansa bai taɓa rabuwa da masu dubiya ba. "Mai Jaz, ya jiki?" "Mai Jaz, tashi ka yi mana busa." Wani hantsi da aka watse muka rage mu biyu, ya kama hannuna.

"Ka san wani abu? Da Usaini ya ƙara haƙuri kaɗan. Bayan wannan hayaniyar akwai inda komai yake lafawa, mai busar ya rage shi kaɗai. Wurin nake so su ji."

Na ce, "To a ɗauko, ni in ji."

Ya ce kansa yana sarawa, in bari sai ya warware, mu je gona ya sa mini da kansa.

Bai warware ba. An cika maƙil a jana'izarsa, Usaini na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi. Ni na tsaya a baya, ban ƙarasa bakin ramin ba.