Tsoho Mai Ƙwanƙwasa Azara

A Tasawa ana cewa tsohon nan na gidan Nasara yana hira da fatalwar Bafaranshen da ya gina gidan, har shayi suke sha tare. Ƙarya ce, jama'a, ni na leƙa da idona!

Malam Na Allah ake ce masa, siriri kamar karan gero, rigarsa duk jar ƙasa. Gidan gadonsa ne tun daga kakansa. Ga shi tsaye a zaure, hadari na tasowa daga gabas, yana ƙwanƙwasa azarar rufi da sanda, sai ya karkata kai ya saurara. Wadda ta amsa da ƙarfi, ya yi hamdala. Wadda ta yi kukan ganga, sai ya waiwayi ɗakin da jikokinsa ke kwana.

Na ce, "Baba, itacen ma gaisuwa kake bi kana yi masa?"

Ko kallona bai yi ba. "Wadda ke bisa kanka gara ta cinye ta tun bara. Ci gaba da washe baki, ɗana, ƙasa za ta cika maka shi."