Shekarar da Mero Ta Bi Masunta Fazugli

Shekara ashirin da biyu Mero tana auren Sodangi masunci a garin Mai Wurno, ba ta taɓa ganin inda yake su ba. Abin da ta sani kawai, da kaka ta wuce ruwan kogi ya washe, sai ya ɗaure tarunsa ya hau lori da abokansa, su nufi kudu can cikin duwatsun Fazugli. Ita kuwa ta bi mata tsinkar auduga a Wad Haddad. Bayan wata uku ya dawo da buhunan kifi, wani ya ƙone, wani ya yi tsutsa.

Shekarar da aka kai autarsu Hannatu ɗakin miji, gida ya yi wa Mero faɗi. Wata safiya ta iske Sodangi yana ɗinkin taru a tsakar gida.

"Malam, bana da ni za a tafi."

"Ina?"

"Inda kuke ɓata kifin Allah da sunan banda."

Ya yi dariya har ya saki zaren. "Mero, can fa babu ɗaki babu katanga, sai dutse da birai."

"Birai ba su hana hura wuta," in ji ta.

Kwana biyu suka yi a hanya. Ladan direba ya ce ta shiga gaba, ta ƙi, ta hau bisa kaya don ta ga duniya da kyau. Suka wuce Sinja, suka yi zango a Rusairis, inda ake gina madatsar ruwa a lokacin. Daga nan hanya ta lalace. Sau uku lori tana kafewa a yashi, maza na turawa, ita tana dafa musu shayi a gindin kuka. Ran na biyu da la'asar ta hango wani abu shuɗi ya tokare sama a gabansu, ta yi maza ta rufe buhun gari da tabarma.

"Ba hadari ba ne," in ji Sodangi. "Duwatsun ke nan."

Suka kafa rumfar gora ƙarƙashin wata tsamiya, inda kogi ke kurɗawa tsakanin duwatsu biyu. Mero ta kwaɓa laka ta gina murhun banda, ta hana kowa taɓa mata wuta. Kifi ya riƙa fitowa jawur, ba ƙuna ba tsutsa. Matan ƙauyukan kan dutse suna sauko mata da zuma, tana ba su gishiri, ana hira da guntun Larabci da hannu.

Wata rana da hantsi, maza sun shiga kwalekwale, ta ga fatsar Mati, tsohon cikinsu, a rataye. Ta sa hanjin kifi a ƙugiya ta jefa, don wasa kawai. Ba a jima ba aka fizge ta har ta durƙusa. Ta zauna daɓas, ta tokare dutse da diddige, ta naɗe igiya a hannu tana salati da ƙarfi. Sodangi ya jiyo, ya yo gaɓa a guje.

"Kawo nan!"

"Kada ka taɓa, Malam, nawa ne!"

Sai ya tsaya bayanta ya riƙe mata kafaɗu, yana cewa saki kaɗan, to ja yanzu. Da kifin ya gaji ya taso, Mati, da ya biyo Sodangi gaɓa, ya soke shi da mashi. Giwan ruwa ne, tsawonsa ya kai mata ƙirji. Igiya ta yanke mata tafin hannu, ba ta ko kula ba. Ta ce wannan ba na kasuwa ba ne, ta dafa shi gaba ɗaya, aka kira matan dutse aka ci tare.

Shekara tara ta yi tana wannan tafiya. Da aka rufe madatsa ruwa ya hau, suka matsa da rumfarsu sama. A shekara ta uku matan masunta huɗu ne a kan lori tare da ita.

Ciwon gwiwa ne ya zaunar da ita. Sodangi ya je sau ɗaya shi kaɗai, ya dawo kafin wata ya cika, ya ce abincin can ba ya ciwuwa. Ya ba ƙanensa tarun, ya kama noman albasa a bakin kogi. Kullum da hantsi Mero takan dogara sanda ta kai masa kunu, ta zauna a inuwa tana gaya masa inda bai yi daidai ba.