Haƙurin Warsinah Mai Awara

A ƙauyen Sidomulyo, in ana son a kunyata mace mai raki, Warsinah mai awara ake nuna mata. Shekara huɗu ke nan da tudu ya zaftaro da hantsi ya binne gida goma sha ɗaya, har da nata, da mijinta Sukirman a ciki. Ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba. Ana gama sadakar bakwai ta koma kasuwa ta ɗora kasko.

Haƙurin nan sai ya zama dukiyar gari. Da ƙungiyar kwantar da hankali ta zo daga birni da madubai, matar dagaci, wadda kowa ke kira Bu Lurah, ita ta tura Warsinah gaba. Duk Laraba mata su zauna a kewaye, kowacce ta kalli madubi ta ce tana ƙaunar kanta sau uku, sannan a raba shayi da soyayyar ayaba. Zaure na cika, don ayabar akwai daɗi. Aka ɗauki hoton Warsinah tana murmushi, aka manna a ƙofar ɗakin shan magani.

Hoton bai nuna yadda ƙirjinta ke cushewa ba da zarar hadari ya haɗu, ita kuwa ta ce iska ce mai sanyi ta shige ta. A ranar da tudun ya zaftaro, tare da Sukirman suka kama hanyar kasuwa, sai ta tuna an bar matsamin awara a gida. Ta balbale shi da faɗa, ta ce ya koma ya ɗauko. Ya koma. Ta tabbata duk ranar da gari ya ji, daga mai haƙuri za ta zama wadda ta aiki mijinta kabari.

Fitar da iska kuwa sai maƙwabciyarta Painem, wadda take kira Yu, wato yaya. Ba wadda ta kai ta iya kankare baya da tsabar rupiya da man kwakwa, ba kuma wadda ta kai ta gulma. Wata rana da hadari ya haɗu, Warsinah ta je gidanta.

"Juya ki kalli bango, tauraruwar gari," in ji Painem. "Kai, wannan baya ya fi na kunkuru tauri!"

"Yu, kankara na zo, ba wa'azi ba."

"Wa'azi ai sai Laraba. Kin gaya wa madubi kina son kanki? Me ya ce?"

"Bai amsa ba."

Ruwa ya fara dukan kwano. Ba ido a kanta, ba madubi, sai bango, ga zafin kankara ya ba ta dalilin nishi. Maganar ta kuɓuce mata.

"Yu, ni na mayar da shi gida. Saboda matsami."

Hannun Painem ko tsayawa bai yi ba.

"Au, wannan ne? Ai ina bakin rijiya kina zazzaga masa. Kowa ya sani tun kafin sadakar uku."

"Wa ya faɗa?"

"Akwai wata mai baki a garin nan bayan ni?"

"Shekara huɗu, ba wanda ya ce min uffan!"

"Wa zai ɓata wa Bu Lurah hotonta? Kuma bari ki ji, ya wuce ni yana murna, wai dama bai ba kurciyarsa ruwa ba. Matsaminki hanya kawai ya samu. Mutumin da ya fi sanin muryar tsuntsu a kan taki!"

Warsinah ta san Painem ba ta ba da labari sai ta zuba masa gishiri. Ba ta tambayi ko gaskiya ne ba. Ta zagi kurciyar, ta zagi keji, ta zagi Sukirman, sannan kukan ya zo, irin wanda ake ji har bakin hanya. Painem ta miƙe ta buɗe ƙofa, wai kada maƙwabta su jiƙe a wajen laɓe. Suka shigo suka zauna. Ashe ɗaya daga cikinsu, Sumirah, ita ma ita ta hana ɗanta fita ranar, don yana tari, tudun ya binne shi a gida.

Larabar da ta biyo, ana miƙa wa Warsinah madubi ta fashe da kuka, mata huɗu suka taya ta, hoto ya gagara ɗauka. Bu Lurah ta sa aka cire wancan na ƙofa, ta ce baiwar Allah ta koma baya.

Har yanzu in hadari ya haɗu ƙirjin na cushewa. Sai ta sauke kasko ta nufi gidan Painem, amma ta daina cewa iska ce.