Tsororuwar Idirisu

A kasuwar Dole ta Damagaram, idan aka ga mutum mai sakin hannu, har yau akan sami tsohon da zai ce ya yi awon Idirisu. Waɗanda suka fi sanin labarin ba su cika faɗin haka ba.

Idirisu ma'auni ne, ɗan ma'auni. Ubansa ya zauna bayan tulin gero a rumfar ƴan hatsi har bayansa ya tanƙware, kuma bai bar wa ɗansa komai ba sai tiya ɗaya ta ƙwarya mai ɗinki a baki, da magana guda: tiyar da ba ta yi tsororuwa ba, rabin sata ce. Yadda gidansu ke awo kuwa, a cika tiya, a girgiza ta hatsi ya zauna, a ƙara, sannan a ɗora har ya yi tsini yana gangarowa ta gefe. Bayan an juye, sai a bi da gyara cikin tafin hannu.

A shekarar da ake kira ta garin rogo, da yunwa ta sauka a ƙasa, ma'auna da yawa sun koyi ajiye babban yatsa cikin tiya. Idirisu bai koya ba. Matan unguwar Birni da na Zango sukan wuce rumfa uku su tsaya a gabansa, har aka riƙa cewa hannun Idirisu bai taɓa cutar kowa ba. Ba shi da gona, ba shi da jaki. Wannan maganar ita ce abin da ya mallaka, kuma yana tattalinta yadda wani ke tattalin rigar Sallarsa. Sai dai masu hatsin, waɗanda buhunansu ke ƙarewa da wuri a gabansa, ba su ga abin yabo ba. Da yunwa ta wuce, ɗaya bayan ɗaya suka kwashe buhunansu suka kai wa wasu. Ya wayi gari da tiya a hannu, babu abin aunawa.

Yana da taubashi, Dodo, ɗan ƙanwar ubansa. Dodo ya yi soja, ya dawo da iya tuƙi, ya zama shofer ɗin Alhaji Suma'ila, wani attajirin gyaɗa a Zango. Shi ke jan kamiyonet ɗin Alhaji, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya. Mutum ne mai dogayen yatsu, kullum yana goge su da tsumma kamar mai shirin cin tuwo a gidan surukai. Tun suna yara shi da Idirisu ba su taɓa yi wa juna magana miƙaƙƙiya ba, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Dodo ya taɓa zuwa da fuska a murtuke ya ce kumandan, Baturen da ke mulkin garin, na kiran Idirisu. Idirisu ya ari babbar riga, ya je ya tsaya a rana ƙofar bariki har azahar, babu wanda ya san da zuwansa. Unguwa ta yi wata guda tana dariya.

Matar Dodo, Zuliha, tana cikin matan da suka ci albarkacin tiyar Idirisu lokacin yunwa, sa'ad da mijinta ke can wajen soja. Ita ta tasa Dodo a gaba.

“Mutumin da ya ciyar da ƴaƴanka yana zaune a rumfa yana korar ƙuda, kai kana wucewa a mota kana danna masa oda.”

Haka Dodo ya je ya yi magana da Alhaji. Alhaji kuwa dama yana neman wanda zai tsare masa tanonin isansi, wato gangunan man fetur, a farfajiyar gidansa, don man yana raguwa ba tare da motoci sun sha ba. Aka ba Idirisu makullin, da famfon hannu, da gwangwani, da mazurari. Daga ranar man ya daina raguwa.

Aikin bai yi masa wuya ba. Awo ne, kuma awo ya gada. Abu ɗaya ne bai kwanta masa ba, shi ne yadda Dodo ke fizge mazurari tun tanki bai cika ba.

“Tsaya nan, bawana. Bar mata wurin numfashi.”

“Mota ce ko tsohuwa mai fuka?”

“Isansi kumbura yake in rana ta take. Kamar ƙullun ƙosai.”

“To in ya kumbura sai mu soya. Wannan ma kumandan ne ya faɗa maka?”

Dodo ya yi dariya har da dafa ƙyauren mota. Da bai yi dariyar ba, wataƙila da maganar ta sami wurin zama. Amma ta fito daga bakin da ya aika shi bariki da rigar aro, don haka Idirisu ya ajiye ta inda yake ajiye sauran maganganun taubashinsa. A ransa, rowa ce irin ta Nasara Dodo ya kwaso daga soja. Kuma tunda kullum Dodo na tsaye a wurin yana fizge mazurarin da kansa, ba a sake komawa kan zancen ba.

A bazarar da ta biyo bayan ƙuri'ar i ko a'a, wadda aka yi kan zama ƙarƙashin Nasara, wata Lahadi, ranar kasuwar Mirriya, aka shirya Dodo zai kai mutane da kaya can, daga nan ya wuce Zermu da gishiri. Da sanyin safiya ya kawo motar bakin tano, sai aka ce Alhaji na kiransa a zaure. Ya bar Idirisu da mazurari.

Idirisu ya zuba har ya ji muryar tankin ta canza, inda Dodo kan ce a tsaya. Ya tsaya. Ya dubi ƙofar zaure, babu kowa. Ya tuna hanyar Zermu da yashinta, ya tuna cewa wannan bawan nasa shi ya fitar da shi daga rumfar ƙuda, shi kuwa bai taɓa samun abin da zai saka masa da shi ba. Sai ya sa kafaɗa ya girgiza motar. Man ya sauka, ya zauna, kamar yadda gero ke yi. Ya ƙara. Ya sake girgizawa, ya sake ƙarawa, har man ya taso yana ƙyalli a bakin wuyan tanki. Murfin ƙarfen ya daɗe da ɓacewa a hanyar Magariya, wani guntun itace ne naɗe da tsumma ake toshewa da shi. Ya danna shi da tafin hannu, ya goge gefen. Rabonsa da jin daɗin awo irin na wannan safiya tun yana kasuwa.

“Na cika wa jakinka ciki,” ya ce da Dodo ya fito.

“Allah ya sa ba ka sha rabi ba,” in ji Dodo, ya shiga ya tayar.

Da ya kama hanya nan take, motar za ta shanye abin da aka ɗora mata tun ba ta bar gari ba. Amma bakin kasuwa kawai ya kai ta, ya tsaya jiran gishiri, gishirin kuwa ya makara. Motar ta tsaya a fili, rana ta hau, ta take. Mata masu zuwa Mirriya sun riga sun hau baya da ƙoransu, sun zauna kan tarin buhunan da babu komai a ciki. Kusa da wurin wata Fanta na suyar ƙosai a murhunta, inda ta saba zama shekara da shekaru.

Dodo ne ya fara jin warin. Ya zagayo, ya ga tsumman ya jiƙe sharkaf, man na bin jikin motar yana ɗiga, yashin da ke ƙasa ya yi duhu. Ya ce wa matan su sauka. Wasu suka fara tattara ƙore, ya daka musu tsawa irin wadda ba a san shi da ita ba. Yana cikin sauke wata tsohuwa, iska ta juyo daga wajen murhun Fanta.

Waɗanda ke wurin sun ce wutar ba daga sama ta zo ba, ƙasa ta biyo, kamar maciji. Ta hau gefen motar, ta kama buhuna. Rumfunan zana na nan dab da wurin, kuma ranar akwai iska. Dodo ya buɗe ƙyaure, ya saki burki, ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan a jikin ƙarfen ƙyauren, ya tura motar zuwa fili. Mutane na kiransa ya saki. Bai saki ba sai da ta yi nisa da rumfuna.

Idirisu na farfajiyar Alhaji yana wanke gwangwani ya hango hayaƙi, baƙi ƙirin, ba irin na zana ba. Bai tambayi kowa ba. Ya ajiye gwangwanin a hankali, ya nufi kasuwa.

Babu wanda ya mutu, kasuwa ba ta ƙone ba. Alhaji ya zo ya tsaya kan gawar motar, ya tambayi wanda ya zuba mai. Idirisu ya ce shi ne. Alhaji ya miƙa hannu, aka sa masa makulli, magana ta ƙare.

Dodo ya daɗe a gidan likita. Hannuwan sun warke, amma yatsun sun lanƙwashe ciki, ba su sake miƙewa ba. Ranar da Idirisu ya iya shiga ya gan shi, Zuliha na zaune a gefe tana ba shi kunu da ludayi. Ta amsa gaisuwa, ta tashi ta fita.

“Bawana,” in ji Dodo, “ka soya ƙosan?”

Idirisu ya sunkuyar da kai.

“Rama mana. In ba ka rama ba, sai in ɗauka da gaske ne abin ya faru.”

Daga ranar wasan ya zama na mutum ɗaya. Dodo bai fasa tsokana ba har ƙarshen ransa, amma duk abin da ya faɗa, ko da cewa ya yi gobe rana za ta fito daga yamma, Idirisu sai ya tsaya ya saurara da kyau.

Ranar da ƙasa ta sami mulkin kai, motoci suka zaga gari da sabuwar tuta. Dodo na tsaye bakin hanya, hannuwa cikin riga, yana faɗin ciwon kowace mota daga jin kukanta. Idirisu na gefensa riƙe da goron da yake ɓare masa.

A lokacin ya riga ya koma rumfar ƴan hatsi. Wani tsohon mai gero daga Gouna, wanda bai manta shekarar yunwa ba, ya ba shi buhunansa. Maganar nan ta hannun da bai taɓa cutar kowa ba, ba wanda ya ƙaryata ta a gabansa. Daina faɗinta kawai aka yi. Hannun kuwa bai san wani awo ba sai wanda ya gada, ya ci gaba da yi. Ya aika da gero gidan Dodo, aka dawo da shi bakin buhun a ɗaure yadda ya ɗaure shi.

Zuliha ta fara dakan fura don riƙe gida, mai fura kuwa ba ta rabuwa da ma'auni. Wata safiya Idirisu ya ɗaga kai ya gan ta tsaye a gabansa da ƙwarya. Ta wuce rumfa uku kafin ta iso.

“Ina kwana, Malam Idi.”

“Lafiya lau. Yaya mai jiki?”

“Da sauƙi. Auna mini.”

Ya cika tiya, ya girgiza, ya ƙara, ya ɗora har ta yi tsini. Kafin ya juye, Zuliha ta sa gefen tafin hannunta ta share tsororuwar, geron ya koma kan tuli, tiya ta tsaya daidai baki.

“Iya abin da tiya ta ɗauka,” ta ce, ba tare da ɗaga murya ba.

Ya juye. Ya ɗebo gyara a tafinsa, amma ta riga ta ɗora ƙwarya a ka. Ya zauna da geron a hannu har ta ɓace cikin mutane.

Ba ta taɓa zuwa wurin wani ma'auni ba, ko da ranar da gero ya fi araha a wata rumfa. Ba ta kuma taɓa barin tsororuwar ta shiga ƙwaryarta ba. Maƙwabtan rumfa sun ba shi shawara ya riƙa auna mata daidai baki, ya hutar da ita, ya hutar da kansa. Ya ce to. Amma har gashinsa ya yi fari, kowace safiya idan ta zo, yakan cika tiya, ya girgiza, ya ɗora har ta yi tsini, sannan ya ɗan dakata yana duban hannunta.