Motar Kawu da Bakin Maƙwabci

An kwana biyu, don haka wataƙila na haɗa wata rana da wata, ko na sauya wa wani magana. Ga dai abin da na riƙe.

Da kawuna ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya sayi mota irin wadda ake tayarwa daga waya. Yana zaune a ƙofar gidansa a Kinkinau zai danna, motar ta tashi, sanyi ya kama ciki kafin ya shiga. Ni aka sa na haɗa masa wayar da motar, tunda ni ne mai digiri a gidan. Na ga an rubuta wata uku kyauta, na wuce, na ɗauka talla ce.

Ranar da aka yi wa motar addu'a, maƙwabcinsa, abokin hirarsa na shekara da shekaru, ya zagaye ta ya ce, "Kai, Alhaji, wannan ai aljana ce!" Bai ce tubarkalla ba. Kawu ya riƙe wannan.

Wata uku na cika, aka danna, shiru. Wani mai gyaran wutar mota a Mando ya kwance gaban motar, bai ga komai ba. Kawu ya ce kambun baka ne. Ya daina zama majalisar maƙwabcin, gaisuwa ma sai ɗaga hannu.

Na kwana huɗu ina maimaita saƙon Turanci da kamfanin motar ya turo wayarsa, ina tsoron kuskuren fassara, ina kuma tsoron a ce laifina ne. Ashe babu abin da ya lalace. Na'urar da ke tayar da ita tana nan lafiya cikin motar da aka biya lakadan. Masu ƙerawa ne suka rufe ta daga can, sai an riƙa biyansu duk wata. Ban ce na san kasuwanci ba, amma ko a Babbar Kasuwa ban taɓa ganin marar kunyar da ya sayar da tukunya ya ba da hayar murfinta ba.

Da na faɗa wa Kawu, sai ya ce:

"Wato na sayi akuya, nonon nasu ne? Kai kuma da karatunka ka bari na ɓata da mutum?"

Ya ce ko sisi ba za su gani ba. Ya sa hula, ya ɗauki goro, ya tsallaka gidan maƙwabcin. Daga waje na jiyo mutumin yana dariya: "Alhaji, da bakina na da ƙarfi haka, ai da akwalar motata ta tashi tuntuni."

Har yau da makulli Kawu yake tayar da ita, kuma bai sake ba ni wayarsa ba.

Waɗanda ke majalisar a lokacin, in na karkace a wani wuri, don Allah ku aiko min da gyara.