Takardun da Manya Suka Sa wa Hannu

Ta farkon a hannun wata mai ƙosai na same ta, a kasuwar Gummi. Har ta yagi gefenta za ta naɗe mini ƙosai, sai idona ya faɗa kan hatimi da sa hannun wani minista na jamhuriya ta farko, da koriyar tawada. Na ce ta ba ni ita haka nan.

"Malam, mi za ka yi da tsohuwar takarda?" in ji ta.

Na karɓe ta, na sa a aljihu. Tun daga ranar na shiga bin gidajen tsofaffin 'yan siyasa da hakimai, daga Anka har Gwashi, ina roƙon abin da gara ta rage: katin jam'iyya, takardar naɗi, wasiƙar godiya bayan zaɓe. Wasu su ba ni suna dariya, wasu su ɗauka gwamnati ce ta aiko ni.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini dariya ba, wani tsohon malamin makaranta a Bukkuyum. Duk wadda na samu, wurinsa nake fara kai ta. Mu baje ta kan tabarma a zaurensa, ya ɗora tabarau, mu yi ta gardama.

"Wanga hannu na mai gaggawa ne," yakan ce. "Dubi yadda ya ja wutsiyar sunan, bai ko tsaya karantawa ba."

Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, zuwana ya ragu, muka koma waya. Ina kwatanta masa lanƙwasar harafi, yana cewa ba ya gani. Rasuwarsa ma a waya na ji ta, bayan an riga an kai shi.

Bara wata dattijuwa a Anka ta aiko mini da takardar da wani gwamna ya sa wa hannu, ta yabon mijinta marigayi. Irinta muka daɗe muna nema ni da tsohon malamin. Na nuna wa babban ɗana da ya zo hutu. Ya karɓa da ladabi, ya duba.

"Ta yi kyau, Baba," ya ce, ya miƙo mini.

Na jira ko zai tambaye ni wani abu. Wayarsa ta yi ƙara, ya nemi izini ya fita. Na daɗe zaune da ita a cinyata, sannan na sa ta cikin leda, na jera ta a adaka tare da sauran.