Mai Tuntu a Rijiyar Malam Inuwa

Malam Inuwa maƙwabcinmu ne a Tarauni. Ya shekara ashirin yana ɗauko katako daga Kurmi, can kudu, a babbar mota, daga baya ya ajiye tuƙi ya koma sayar da furanni a bakin titi a Gyaɗi-Gyaɗi. Kowace shuka yakan sayar, ban da guda ɗaya da ya bari a gida.

Mai Tuntu yake kiranta. Ba ta fure, ba ta iri, kuma ƙasa take zubowa, ba sama take miƙewa ba. Ganyenta ƙanana ne a jere, kowane reshe ya rabu biyu, ƙarshensa ya sirance kamar tuntun hula. A kan manyan itatuwan daji take rayuwa, inda rana ba ta kaiwa. Saboda haka ya sa ta a ɓawon kwakwa da gawayi, ya rataye ta a cikin rijiyar gidansa, wurin sanyi da danshi.

Tsohon da ya ba shi ita, wani mai saran itace, ya gargaɗe shi cewa ranar da tuntun ya taɓa ruwa, kwanan mai ita ya ƙare. Na taɓa tambayarsa dalilin rataye ta a rijiya, alhali ya ji wannan magana. Ya ce a duk Kano babu inda za ta rayu sai nan, ajali kuma na Allah ne. Duk da haka, kowace Juma'a yakan zura kara ya auna tazarar.

A wata damina mai yawan ruwa ya kwanta asibiti. 'Yarsa Khadija ta ga rijiya tana cikowa, tana ta rage tsawon igiyar, ruwan yana biyowa. Da tazarar ta koma taƙi ɗaya, sai ta ciro shukar ta dasa a ƙasa a tsakar gida, kamar yadda muke dasa zogale. Cikin kwana huɗu rana ta ƙone ta.

Inuwa ya dawo da sauƙi. Ya daɗe yana duban busassun rassan, sa'annan ya ce, "Kin kyauta, uwata. Ɗauko mini karan."

Khadija ta ce babu sauran abin aunawa. Shi kuwa sai ya nufi rijiya. Ina tsaye tare da su, na leƙa. Can ƙasa, a wata tsaga ta bango inda hannu ba ya kaiwa, wani ɗan kore ya tsiro, ya rabu biyu, yana kallon ruwa.

Yau shekara uku ke nan. Khadija kan ja guga sau talatin kowace safiya, ta zubar a kwata. Inuwa ya ce saura yatsa huɗu.